Yayana Ya Aiko wa Inna Man Wiwi Daga Ingila, In Ba Ta?

Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyarmu shekarunta 53. Wata takwas ke nan yatsun hannayenta duka biyu da wuyan hannu suna kumbura. Da asuba sukan sandare, ko jan carbi ba ta iyawa, sai hantsi ya dubi ludayi sannan su saki. Haɗin da mai kemis na unguwarmu yake ba ta ne ke sa ta ɗan samu sa'ida, amma kwanan nan fuskarta ta cika ta yi fam. Yayanmu da ke aiki a Ingila ya ba wani mai zuwa gida 'yar kwalbar man CBD ya kawo mata. Ya ce daga wiwi ake tatso shi amma ba ya sa maye, kuma bincike ya tabbatar yana kashe kumburi. Kawu ya ce in aka ba ta, ba shi ba gidanmu. Wani maƙwabci kuma ya ce ai ba sai na Turai ba, a dafa mata ganyen a shayi. Ni ce mai ba ta magani, kwalbar tana cikin jakata, na rasa na wa zan bi.

'Yarki daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yata. Sannu da jinya, Allah ya ba ki ladan ɗawainiyar uwa.

Kada ki ba ta. Zan yi miki bayanin dalili a tsanake, domin yayanki ba shirme ya faɗa ba, kuma ya cancanci amsa ta ilimi. Sai dai a duk wasiƙarki ba kwalbar ce ta fi tayar mini da hankali ba. Wata takwas ɗin nan da fuskar da ta cika su ne suka hana ni sukuni, kuma zan dawo kansu.

Bari mu fara da abin da Yaya ya ji. Ganyen wiwi yana ɗauke da sinadarai na musamman fiye da 100, amma biyu ne suka yi suna. THC shi ne mai bugarwa, shi ke juya wa mai sha kai. CBD kuwa ba ya sa maye, nan Yaya ya yi gaskiya. Wani masanin haɗa sinadarai a Isra'ila, Raphael Mechoulam, shi da abokan aikinsa suka fayyace ƙirar CBD a 1963, suka ware THC a 1964. Tambayar da ta biyo baya ita ce, ta ina sinadarin tsiro yake samun shiga har ya taɓa ƙwaƙwalwar mutum? A 1990 aka tantance cewa ƙwayoyin halittar jikinmu suna da wani masauki da THC ke sauka a kai, aka sa masa suna CB1, kuma ya fi yawa a ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. A 1992 aka gano ashe masaukin yana da ɗan gida, wato wani sinadari da jiki da kansa yake haɗawa, ana ce masa anandamide. THC baƙo ne da ya yi kama da ɗan gida, shi ya sa ake buɗe masa ƙofa. A 1993 kuma masu bincike a Kambirij ta Ingila suka gano masauki na biyu, CB2, wanda ya fi yawa a jikin ƙwayoyin garkuwar jiki.

Wannan na biyun shi ya sa masu nazarin kumburi suka miƙe tsaye. Kumburin da likitoci ke nufi aikin garkuwar jiki ne: in ƙaya ta soke ki, sojojin jini su taru a wurin, ya yi zafi, ya yi ja, ya tasa, har a kashe ƙwayar cutar. A wasu cututtuka kuwa sojojin sai su ɓata hanya, su far wa naman jikin mai su, ba dare ba rana. To in har ƙwayoyin garkuwa suna da masaukin da sinadaran wiwi ke iya taɓawa, ko za a iya lallashinsu ta nan su sassauta? Tunani ne mai ma'ana, kuma manyan masana sun bi shi da gaske.

A shekarar 2000, masu bincike na cibiyar Kennedy da ke Landan a lokacin, wadda ta yi fice a duniya kan cututtukan gaɓɓai, tare da shi Mechoulam ɗin, suka haddasa wa ɓeraye amosanin gaɓɓai da gangan, sannan suka ba su CBD. Ciwon ya daina ci gaba, gaɓɓan ɓerayen suka tsira daga mummunar lalacewa, wani sinadarin hura wutar kumburi mai suna TNF ya ragu. Akasarin bidiyon da ake yawo da su a waya da taken "bincike ya tabbatar" daga irin wannan aiki suka samo tushe, na ɓeraye da na ƙwayoyin halitta a cikin faranti a ɗakin gwaji. Abin da masu bidiyon ba sa faɗa shi ne awon da ya fi yi wa ɓerayen aiki ta baki, miligiram 25 ne a kan kowane kilo na nauyinsu kullum, kuma ƙara awo bai ƙara amfani ba. Ko an juya lissafin zuwa jikin mutum yadda masana ke yi, ya haura miligiram 100 a rana ga mace mai kilo 60. Ki riƙe wannan adadi, zai yi mana amfani nan gaba.

Da aka zo kan mutane sai labari ya sha bamban. A 2006 aka buga sakamakon wani gwaji a Ingila kan mutum 58 masu irin amosanin gaɓɓan da garkuwar jiki ke jawowa. An ba wasu Sativex, maganin fesawa a baki mai haɗe da THC da CBD, tsawon mako biyar. Sun ɗan samu sauƙin ciwo, barcinsu ya gyaru, ma'aunin tsananin cutar ya ɗan sauka, wasu kuma suka yi ta fama da jiri. Mutum 58 a mako biyar ba sa isa a ce magani yana kare gaɓa daga lalacewa, domin lalacewar gaɓa abu ne da ake bi da hoton ƙashi shekara da shekaru. A Denmak an gwada CBD zalla kan mutum fiye da 130 masu ciwon gaɓɓan hannu ko wani nau'in amosanin gaɓɓai, miligiram 20 zuwa 30 kullum har mako 12. Rabinsu an ba su holoƙon ƙwaya, mai kama da maganin amma babu komai a cikinta, ba tare da sun sani ba. Da aka buɗe sakamako, sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu kusan ɗaya ne. Wasu suka ce ai awon ya yi kaɗan. Sai likitoci a Biyana ta Ostiriya suka ba masu ciwon gwiwa miligiram 600 kullum har mako takwas, suka buga sakamakon a 2023. Nan ma bai fi holoƙon ba, sai dai masu shan na gaskiyar sun fi samun alamun wahalar hanta a gwajin jini.

Binciken da ya fi koya mini darasi ba ma a kan gaɓɓai aka yi shi ba, a kan hanji ne. Akwai wata cutar kumburin hanji da ake kira Crohn. A 2013 wata likita a Isra'ila, Timna Naftali, ta gwada wiwi mai THC kan majinyata 21 da magunguna suka kasa. Cikin 11 da suka sha na gaskiya, 10 sun ce sun ji sauƙi, sun samu ci da barci. Amma da aka auna CRP, wato alamar kumburi a cikin jini, bai sauka ba. Bayan wasu shekaru ta sake gwaji da man wiwi mai yawan CBD kan majinyata 56, wannan karon har da zura kyamara a duba hanjin. Majinyatan suka sake cewa sun ji daɗin jikinsu, kyamara kuma ta nuna gyambunan suna nan yadda suke. Wato mutum yana iya jin ya warke alhali ciwon yana cinsa ta ƙasa, kamar gara a cikin azara. Wannan ne abin da nake ji wa Inna tsoro.

Har kamfanonin magani sun gwada sa'arsu. An ƙera wani magani, lenabasum, takanas don ya sauka a masaukin CB2 ba tare da bugarwa ba, aka kashe masa kuɗi mai yawa, amma a babban gwajin da aka kammala a 2020 kan wata cutar garkuwar jiki mai sandarar da fata, bai fi holoƙo ba. Ana ci gaba da bincike, kuma ina fata wata rana a dace. Akwai ma inda aka riga aka dace: a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da tataccen CBD mai suna Epidiolex don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara tun suna ƙanana. Maganin farfaɗiya ne, likita ke rubuta shi, ana kuma bin hantar yaron da gwaji. Babu wata hukuma irin wannan da ta amince da CBD a matsayin maganin amosanin gaɓɓai. A Ingilar da Yaya yake zaune, hukumar da ke shata wa likitoci hanyar magani ta ce tun 2019 kada a ba mai daɗaɗɗen ciwo CBD sai dai in cikin gwajin bincike ne.

To me ke cikin kwalbar da ke jakarki? A can ana sayar da irin wannan mai a kanti ne a matsayin ƙarin abinci, ba a sa masa ido irin na magani. A 2023 hukumar kula da abinci ta Ingila ta sauke shawararta daga miligiram 70 a rana zuwa miligiram 10 kacal, saboda tsoron illa ga hanta in an daɗe ana sha. Ki gwada 10 ɗin nan da 100 ɗin da muka lissafa ɗazu, da 600 ɗin da bai yi aiki ba a Biyana. Sannan abin da aka rubuta a jikin kwalba ba kullum yake zama gaskiya ba. A 2017 masu bincike a Amurka sun sayi kayan CBD iri 84 ta intanet suka auna. Guda 26 ne kawai awonsu ya dace da rubutun, 18 kuma an samu THC a cikinsu. CBD kuma yana rage wa hanta saurin sarrafa wasu magunguna, sai su taru a jini fiye da kima, misali warfarin mai tsinka jini da wasu magungunan farfaɗiya. Ga matar da ba mu ma san abin da ke cikin haɗin da take sha ba, wannan kasada ce.

Shawarar maƙwabci kuwa, ki yi masa godiya ki watsar da ita a bakin ƙofa. Ganyen da ake sayarwa a lungu don maye aka noma shi, THC ne ya cika shi, ba mai iya gaya miki awonsa. Wanda aka ci ko aka sha a shayi ba ya kama jiki nan take, yakan ɗauki awa ɗaya ko biyu, sai mutum ya zaci bai yi ba ya ƙara, daga baya ya turnuƙe shi. Dattijuwa mai ciwon gaɓɓai da jiri ya ɗebe ta a banɗaki, karayar ƙugu ce ke jiranta. Ga bugun zuciya, ga firgita, ga ruɗewa. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda ya haɗa birane da dama na Turai da wani yanki na Barazil, ya nuna masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuma kusan sau biyar. Mu da muke ganin samarin unguwanninmu, ba sai an kawo mana alƙaluma daga Turai ba.

Akwai kuma doka. Najeriya ba ta buɗe wa wiwi ƙofar magani ba, kuma jami'an NDLEA suna filayen jirgin sama. Bawan Allahn da ya ɗauko saƙon nan ya sa kansa cikin haɗari, ƙila ma bai sani ba. Ke ma ki daina yawo da kwalbar a jaka. Ki ɗauki hoton rubutun jikinta don ki nuna wa likita in ya tambaya, sannan ki tuttular da man cikin ƙasa inda yara ba sa kaiwa.

Yanzu mu koma kan hannun Inna. Ba zan iya sa wa ciwo suna ta wasiƙa ba, amma yatsu da wuyan hannu, dama da hagu lokaci guda, sandarewar asuba mai wuce awa ɗaya, a jikin mace mai shekara hamsin da 'yan kai, duk likitan da ya ji wannan zai fara zargin amosanin gaɓɓai na garkuwar jiki, wanda a asibiti za ki ji suna ce masa rumatoyid. Ya bambanta da ciwon gwiwar tsufa da muke kira sanyin ƙashi, inda guringuntsi ke sudewa a hankali. A rumatoyid garkuwar jiki ce ke cin fatar cikin gaɓa, daga nan ta ci guringuntsi, ta fara ɓantarar ƙashi. Ɓarnar takan fara tun a shekara ta farko ko ta biyu, kuma abin da ya ɓantare ba ya dawowa. Shi ya sa likitocin fannin suke son a fara magani cikin watannin farko.

Na taɓa sallamar wata baiwar Allah a tagar ba da magani, ba zan manta da ita ba. Na miƙa mata leda sai ta tara mini tafukan hannu biyu kamar mai roƙon ruwa, domin yatsunta duk sun karkace sun nufi wajen ƙaramin yatsa, ba sa iya damƙa. 'Yarta ce ta kwance mata bakin zane ta ciro kuɗin. Ta ce mini shekara shida tana shan haɗi da jiƙe-jiƙe, kuma kowanne ta sha takan ji daɗi na ɗan lokaci. A lokacin da ta iso wurin likitan gaɓɓai, an samu an kashe wutar ciwon, amma yatsun sun riga sun tafi. Inna ba ta kai nan ba. Wata takwas jinkiri ne, amma da sauran dama sosai.

Fuskar da ta cika kuwa, ina kyautata zaton akwai dexamethasone ko prednisolone a cikin haɗin nan, irin ƙwayoyin da 'yan mata ke sha don ƙiba, waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Suna kwantar da kumburi kamar an yi ruwa an ɗauke, shi ya sa take jin daɗinsu. In an daɗe ana sha kuma sai su kumbura fuska, su ta da sukari da hawan jini, su rarake ƙashi, su raunana garkuwa. Galibi akan haɗa su da diclofenac ko piroxicam, masu jawo gyambon ciki da taɓa ƙoda. Amma ki saurare ni da kyau a nan: kada ki tsayar mata da haɗin dare ɗaya. Jikin da ya saba da irin wannan ƙwaya yakan rage haɗa nasa sinadarin, in aka yanke kwatsam mutum na iya galabaita har ya kai ga suma. Likita ne zai janye ta a hankali. Abin da za ki yi shi ne ki koma wurin mai kemis cikin mutunci ki ce ya rubuta miki sunan kowace ƙwaya, ko ya ba ki kwalayensu. In kika ga bayan gidanta ya yi baƙi kamar kwalta, ko ta yi aman jini, ko ƙishirwa da yawan fitsari sun dame ta, a ranar za ku tafi asibiti, ba jira.

Kun yi sa'a kuna Zariya, asibitin koyarwa na Shika yana kusa da ku. Ki fara da likitan da ke ganin kowa, ki roƙi a tura ku wurin likitan cututtukan gaɓɓai. Za su so gwajin jini na ESR da CRP don auna kumburi, da RF da anti-CCP don gane irin ciwon, da gwajin hanta, ƙoda da sukari, da hoton hannu. In ya tabbata rumatoyid ne, maganin da aka fi farawa da shi a duniya shi ne methotrexate, kuma an shafe shekaru fiye da talatin ana ganin yana rage lalacewar gaɓɓai a jikin mutane. Sau ɗaya ake shan sa a mako. Na maimaita, a mako, domin shan sa kullum bisa kuskure yana iya kisa. Ki zaɓi rana ɗaya, ki rubuta a bango. Akan haɗa shi da folic acid, wani lokaci da hydroxychloroquine ko sulfasalazine. Yakan ɗauki mako shida zuwa wata uku kafin a ga aikinsa, kuma a wannan tsakanin ne mutane kan karaya su koma wa haɗi, don haka ki shirya mata zuciya tun yanzu. Shi ma ta hanta yake bi, wanda ƙarin dalili ne na nesanta ta da man nan.

Kafin ranar asibiti, da asuba ki zuba mata ruwan ɗumi a roba ta tsoma hannayen na minti goma, tana buɗe yatsu tana rufewa a hankali. Ba ya warkarwa, amma yana sassauta sandarewar har ta samu ta yi alwala cikin sauƙi. Wanki da matse kaya da tuƙin tuwo kuma a ɗauke mata su tukuna.

Saura rigimar gida. Yayanki yana nesa, yana jin muryar mahaifiyarsa a waya tana nishi, ba shi da hannun da zai taimaka mata da shi sai aike. Kwalbar nan ƙauna ce da rashin yadda zai yi. Kada ki ce masa an yaudare shi. Ki ce masa kin bincika, kin ga binciken ɓeraye gaskiya ne, amma na mutane bai nuna yana hana gaɓa lalacewa ba, kuma kina tsoron hantar Inna saboda haɗin da ta daɗe tana sha. Ki ce ya tambayi duk wani likita ko mai ba da magani a can ko za su ba mai rumatoyid man CBD a madadin methotrexate. Sannan ki ba shi aikin da zai riƙe: kuɗin gwaje-gwajen farko, da na gwajin jinin da za a riƙa maimaitawa, da na mota zuwa Shika. Ki riƙa tura masa hoton kowane sakamako, ya ji da shi ake yi.

Kawu kuma ki je har gida ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce ba a ba ta ba kuma ba za a ba ta ba. Game da ganyen, hadisi ya yanke magana, duk abin da ke sa maye haramun ne. Hukuncin man da aka cire wa sinadarin maye kuwa fagen malamai ne, ba nawa ba, kuma ba ku da buƙatar shiga wannan muhawara tunda ga magani tabbatacce da ba wanda ke jayayya a kansa. Ki roƙe shi kada ya ɗauki Yaya a matsayin ɗan da ya lalace a Turai. In da hali ma ki nemi ya raka ku asibiti ranar farko. 'Yar'uwarsa ce, kuma in ranta ya so komawa wurin mai kemis, maganarsa za ta fi taki nauyi a kunnenta.

Ranar da za ku tafi, ki haɗa kwalayen haɗin, da duk wani jiƙo ko garin magani da ta sha, a leda ɗaya. Ki ɗauki hoton hannayenta da asuba lokacin da kumburin ya fi tashi, domin kafin layi ya zo kanku wataƙila sun saɓe. Ki kuma rubuta minti nawa sandarewar take ɗauka kowace safiya har kwana bakwai. In sakamakon ya fito ki sake rubuto mini, mu duba shi tare. Ki gaishe mini da Inna, Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne.